Koji Kondo: Mutumin da ya tsara kiɗan Super Mario

Duk wanda ya taɓa buga gem ɗin Super Mario, ko ya zauna gefe yana jiran a miƙo masa, da wuya ya manta kiɗan da ke tashi da zarar ɗan gajeren mutumin nan mai gashin baki ya fara gudu yana tsalle. Kiɗan ya zagaye duniya, amma ba kowa ya san sunan wanda ya tsara shi ba.

Sunansa Koji Kondo. An haife shi ranar 13 ga Agustan 1961 a birnin Nagoya na ƙasar Japan, kuma tun yana ɗan shekara biyar ya fara koyon kaɗa ogan mai amfani da lantarki. Yana shekarar ƙarshe a Jami'ar Fasahar Zane da Kiɗa ta Osaka ya ga sanarwar cewa kamfanin Nintendo na neman mai haɗa sauti. Nan kaɗai ya nemi aiki, aka kuma ɗauke shi a 1984. Har yau bai sauya sheƙa ba.

Abin da ya tarar a wurin aikin zai iya kashe wa makaɗi gwiwa. Na'urar Famicom ta wancan lokaci ba ta iya fitar da muryoyin kiɗa sama da uku a lokaci guda, sai wata kafa mai fitar da shuu da ake mayarwa ganga. Ko waɗannan ukun ma ba nasa ba ne shi kaɗai, domin ƙarar tsallen Mario ko ta ɗaukar sulalla takan ƙwace ɗaya daga ciki. Ga kuma ƙarancin ma'adana. Dole kiɗan ya zama gajere, ya yi ta maimaita kansa, kuma kada ya gundiri yaron da zai wuni yana jin sa.

Kiɗa shida ya yi wa Super Mario Bros., wanda ya fito a watan Satumban 1985 ƙarƙashin jagorancin Shigeru Miyamoto. Na ƙarƙashin ruwa ya fara kammalawa, shi kuwa wanda ya fi shahara shi ya fi ba shi wahala. Da farko ya yi wani mai sanyi, amma da aka ɗora shi a kan wasan sai ya ga bai dace da saurin ƙafar Mario ba, ya watsar da shi. Daga nan ya riƙa buga gem ɗin da kansa yana gwada kiɗa a kai, har ya samu wanda ke tafiya daidai da gudu da tsalle. Nan gwanintarsa take: kiɗan yana aiki tare da yatsun mai wasa. Idan lokaci ya kusa ƙarewa sai ya ƙara sauri, zuciyar mai wasa ma ta bi shi.

An sayar da kwafin wasan sama da miliyan 40.

Watanni kaɗan bayan haka, ana dab da kammala The Legend of Zelda, aka gano cewa kiɗan Bolero na Bafaranshen nan Maurice Ravel, wanda aka shirya buɗe wasan da shi, haƙƙin mallakarsa bai ƙare ba tukuna. Kondo ya kwana a kan aiki ya fito da sabon kiɗan buɗewa, kuma amon nan na Zelda har yau ana jin sa a wasannin da suka biyo baya.

Ba duk aikinsa ne ya wuce ba tare da gyara ba. A wasan Ocarina of Time na 1998, kiɗan wani sashe da ake kira Haikalin Wuta ya ƙunshi muryoyin da aka ɗauko daga wani faifan sautuka na sayarwa, ashe kalmomin ibadar Musulmi ne a ciki. Nintendo ya cire muryoyin a kwafin da aka buga daga baya, saboda ƙa'idarsa ta kauce wa sanya abubuwan addini a wasanninsa. Haka kuma aka sauya wata alama mai kama da jinjirin wata da tauraro da ke jikin garkuwa a wasan. Gyaran ya dace, sai dai tun farko ya kamata a tambayi ma'anar abin da aka ɗauko.

Bayan wannan wasan Kondo ya rage tsara kiɗa shi kaɗai, ya koma sa ido kan matasan makaɗan kamfanin.

A watan Afrilun 2023, Babban Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya sanya kiɗan Super Mario Bros. cikin kundin sautukan da ake adanawa saboda muhimmancinsu, tare da waƙoƙin Madonna da John Lennon. Shi ne kiɗan gem na farko da ya shiga kundin. A watan ne kuma fim ɗin Super Mario ya fito a sinima, inda makaɗin Amurka Brian Tyler ya yi aiki da Kondo wajen mayar da tsofaffin muryoyin nan uku kiɗan cikakkiyar tawagar makaɗa.