Zafin Injin Lantarki na Kumbo: Lissafi da Gwaji

Injin lantarki na kumbo ba ya ƙona mai kamar roka. Iskar zenon ake ɗura masa, lantarki ya caje ƙwayoyinta, sa'an nan a watso su baya da matsanancin gudu. Irin wannan inji, mai suna NSTAR, shi ya tura kumbon Deep Space 1 wanda hukumar NASA ta Amurka ta harba a shekarar 1998.

Ɗaya daga cikin manyan matsalolinsa shi ne zafi. A sararin samaniya babu iskar da za ta kwashe shi, sai dai ya bi ta jikin ƙarfe, ko ya fita kamar hucin garwashi. Maganaɗisun da ke cikin injin kuwa yakan soma rasa ƙarfinsa in zafi ya haura kimanin digiri 350. Saboda haka injiniyoyi sukan zana injin a kwamfuta, su rarraba shi gunduwa-gunduwa, su lissafa zafin kowane sashe.

Amma fa lissafin yana tafe da ƙiyasi. Yawan hucin da fuskar ƙarfe ke fitarwa ya danganta da santsinta ko dattinta, kuma zafin da ke ƙetare mahaɗar ƙarafa biyu ya danganta da yadda aka ɗaure su da noti. Gwaji ne kaɗai ke tabbatar da waɗannan. Akan sa injin a ɗakin da aka zuƙe wa iska, a sanyaya bangonsa da ruwan naitorojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifiri, a manna ma'aunan zafi a jikinsa. Da farko akan ɗumama shi da hita wadda aka san ƙarfinta, don a gyara alƙaluman ƙarafa, daga baya a kunna shi.

A nan ne akan ruɗi kai. Wanda ya yi ta juya alƙaluma, lalle lissafinsa zai dace da awo ko da tushensa kuskure ne. Maganin wannan shi ne a gyara lissafin a ƙarfi ɗaya, a nemi ya faɗi zafin wani ƙarfin tun kafin a auna. NSTAR ya dace da haka, domin yana aiki daga rabin kilowat zuwa 2.3.

Har ila yau ɗakin gwajin kansa yana shiga cikin lissafi, don burbushin da zenon ke kankarowa daga bango yakan dawo ya lulluɓe injin, ya sauya hucin da yake fitarwa.