TSEREN GUDU DA KEKE BAYAN JINYAR AGARA

Jama'a da dama sun tare mu da tambaya, wai wane irin tsere ne ɗan'uwanmu direban bas ya shiga ran Lahadin da ta wuce, har ya komo da lamba a wuya alhali kuwa bai zo na ɗaya ba? To, da ya ke da mu aka je, ga abin da muka gani.

Turawa suna kiransa duwatalon. Watau tsere ne kashi uku: a yi gudu da ƙafa, a hau keke, sa'an nan a sauka a sake gudu. A ƙaraminsa ana gudun kilomita 5, keke kilomita 20, a rufe da gudun kilomita 2.5. Matsakaicin kuwa 10 ne da 40 da 5. Akwai wani mai tsanani a garin Zofingen na ƙasar Suwizalan, wanda aka fara a 1989, gudu 10, keke 150, a ƙara da gudu 30. Gasar duniya ta farko kuwa a Kalifoniya ta Amurka aka yi ta, cikin 1990. Agogo ba ya tsayawa wurin sake takalmi, kuma doka ce ba a ɗaukar keke sai an ɗaure hular kwano.

Abin da ya sa dattijo ke iya shiga shi ne, kowa da tsaransa a ke auna shi. Ana kasa mutane shekara biyar-biyar: 40 zuwa 44, 45 zuwa 49, haka har sama. A dokar hukumar duniya, shekarun da mutum zai cika ran 31 ga Disamba na wannan shekara su a ke lissafawa. Mutuminmu yana da 52, saboda haka ya faɗa cikin 'yan 50 zuwa 54.

Ya ɗibar wa kansa wata huɗu na shiri. Bai cika wata guda ba sai agararsa ta dama ta kumbura, in ya tashi da asuba ba ya iya taka dunduniya. Ga shi kuwa da ƙafar nan ya ke taka birki, da ita ya ke ci da iyali. Likita ya gaya masa agara ba ta samun jini sosai kamar tsoka, don haka warkewarta sai a hankali, in kuwa ta tsinke, to, watanni zai yi bai hau mota ba. Aka sa shi wani motsi da likitan ƙasar Suwidin, Alfredson, ya bayyana a 1998: mutum ya tsaya bakin matakala bisa yatsunsa, ya riƙa sauke dunduniya sannu sannu, safe da yamma, har mako 12.

Mako bakwai bai yi gudu ba, sai keke kaɗai. Nan fa tarkon ya ke, masu karatu. Keke yana riƙe wa mutum numfashinsa, har ya ji kamar ya warke, amma agara ba ta shirya ba tukuna. Ƙirji ya ce a tafi, ƙafa ta ce a dakata. Da yawa a nan su ke komar da ciwonsu ɗanye.

Ran tsere ya zaɓi ƙaramin, ko da ya ke matsakaicin ya yi niyya da farko. Gudun farko ya bar jama'a suka wuce shi. Da ya hau keke sai ya shiga tsince su ɗaya ɗaya. Amma gudun ƙarshe shi ne alƙali, gama mai sauka daga keke ji ya ke kamar an ɗaura masa turmi a cinya. Saura kamar kilomita ɗaya, wani tsaransa mai furfura ya gifta shi. Muka ga ya ɗaga ƙafa zai bi, sai ya ɗan ɗingisa, ya sassauta, ya taka da tafiya kamar minti guda, kana ya ci gaba. Cikin tsaransa 14 ya zo na 11. Lambar nan kuwa duk wanda ya kai ƙarshe an ba shi.

Da muka tarye shi muka ce, "Alhaji, yaya ka bar mutumin nan ya tafi?" Ya yi dariya ya ce, "Malam, gobe Litinin ƙarfe biyar ina da aiki." Kuma ya je aikin, da ƙafarsa lafiya.

Saboda haka muna jan kunnen 'yan'uwa masu sha'awar abin nan, musamman waɗanda suka haura 40: a ga likita tukuna, a ƙara nisa kaɗan kaɗan, in ciwo ya yi magana a saurare shi. Sannu ba ta hana zuwa. Allah ya ƙara mana lafiya, amin.