Zaren Ƙarfe a Cikin Kankare

Yau shirin namu na magina ne, daga Tudun Wada a nan Gusau har Tsafe da Bungudu.

Ku dubi daɓen gidan mai ko na sito inda tireloli ke sauke siminti. Shekara biyu ba ta cika ba, sai ka ga ya dare, tsagar tana cinye yatsa. Kankare gwanin ɗaukar danniya ne, amma in aka ja shi ko aka lanƙwasa shi, ƙarfinsa bai wuce kusan kashi ɗaya cikin goma na wancan ba.

Iyayenmu sun san maganin wannan tun da daɗewa. Maginin gargajiya ba ya kwaɓa ƙasa sai ya zuba ramno, don ciyawar ta riƙe ginin kada ya tsage. Aikin da zaren ƙarfe ke yi ke nan. Gutsattsarin waya ne, tsawonsu milimita 30 zuwa 60, bakinsu a lanƙwashe kamar ƙugiya. Akan zuba kilo 20 zuwa 40 a kowace mita ɗaya ta tsawo da faɗi da zurfi. Tun 1963 wani masani a Amurka, James Romualdi, ya fito da binciken da ya buɗe wannan fanni.

To, me zaren ƙarfen yake ƙarawa? Wajen danniya, ɗan kaɗan ne. Amfaninsa na fitowa ne bayan tsaga ta fara: wayoyin nan sun gitta ta ko'ina, suna riƙe da ɓangarorin biyu, tsagar ba ta buɗewa, daɓen kuma ya ci gaba da ɗaukar kaya.

Sai dai akwai sharaɗi. In aka juye zaren gaba ɗaya, dunƙulewa yake yi, don haka a barbaɗa shi sannu a hankali. Kwaɓin zai yi tauri, amma don Allah kada lebura ya ƙara ruwa, yawan ruwa ne ke kashe kankare. A kuma yi ban-ruwa na aƙalla kwana bakwai, musamman da zafin bazara.

Malam mai gida, in wani ya ce maka zaren ƙarfe ya isa, a cire rodi daga ginshiƙi ko rufin kankare na bene don a rage kuɗi, kada ka yarda sai injiniya ya yi lissafi. Iyalinka ne za su kwana a ƙarƙashinsa.