CIN NAMA ZALLA: BAYANI GA JAMA'AR DUKKU DA KEWAYE

A 'yan shekarun nan wata sabuwar hanya ta cin abinci ta ɓullo daga Amurka da ƙasashen Turai, kuma tun da wayar hannu ta zama ruwan dare, labarinta yana isa ga mutumin Dukku, cikin Ƙaramar Hukumar Rijau ta masarautar Kontagora, kamar yadda yake isa ga mazaunin Minna ko Abuja. Masu wannan hanya suna cewa a bar tuwo da fura da shinkafa da wake da ganye baki ɗaya, a riƙa cin nama da kitse da ƙwai kaɗai, a sha ruwa. Suna faɗin cewa wanda ya yi haka zai ji jikinsa ya yi sakayau, kasala ta rabu da shi, ransa ya yi sanyi, tumbi ya zube. An shirya wannan bayani ne domin jama'a su san inda gaskiyar maganar take da kuma inda ta tsaya.

YADDA JIKI YAKE SAMUN ƘARFI

Tuwon dawa, da kunun gero, da masara, da dankali, duk abinci ne mai sitaci. Idan sun shiga ciki sai su narke su zama wani irin sukari da ake kira gulukos, wanda jini yake kai wa kowane sashe na jiki. Ƙwaƙwalwar baligi ita kaɗai tana cin kimanin giram 120 na wannan sukari kowace rana. Rarar da ba a yi amfani da ita ba, jiki yakan adana ta, kimanin giram 100 a hanta, da kamar giram 400 a tsoka. Wannan shi ne ɗan rumbun jiki, kuma kowane giram ɗaya na ajiyar yana riƙe da ruwa kusan giram uku.

To, idan mutum ya daina cin sitaci, cikin kwana ɗaya ko biyu rumbun hanta zai ƙare, ruwan da ke tare da shi ya fita ta fitsari, ya tafi da gishirin jiki. Shi ya sa mai cin nama zalla yakan ga ya ragu da kilo ɗaya ko biyu a makon farko, ya yi ta murna, alhali mafi yawan abin da ya zubar ruwa ne. A wannan mako ne kuma yakan yi fama da ciwon kai, da jiri, da ɗaurewar jijiyoyin ƙafa, da saurin fushi. Duk wanda ya taɓa yin azumi ya san ɗanɗanon irin wannan a kwanakin farko.

Bayan kwana uku zuwa huɗu sai hanta ta koma sarrafa kitse, tana fitar da wani abu mai suna kiton, wanda ƙwaƙwalwa take iya ci a madadin yawancin sukarin da ta saba da shi. Daga nan ne mutane da yawa suke cewa sun ji wartsakewa: yunwa ta ragu, nauyin jiki da gyangyaɗin da ke biyo bayan cin tuwo da rana sun ɓace. Ba ƙarya suke yi ba. Likitoci sun daɗe da sanin cewa kiton yana taɓa aikin ƙwaƙwalwa, domin tun shekarar 1921 wani likita mai suna Russell Wilder, na asibitin Mayo da ke Amurka, ya fito da tsarin abinci mai yawan kitse da ƙarancin sitaci don rage tashin farfaɗiya, kuma har yau ana amfani da shi ga yaran da magani bai yi musu aiki ba. Sai dai wannan magani ne da ake bayarwa bisa awo, a ƙarƙashin idon likita.

Akwai kuma wani abin lura. Wanda ya koma nama zalla ya bar lemon kwalba, da burodi, da shayi mai cokali huɗu na sukari, da alewa, sau da yawa har da giya. Babu mamaki idan ya ji sauƙi. Amma ba a iya rantsewa cewa naman ne ya kawo sauƙin, tun da wanda ya bar waɗannan abubuwa ya ci gaba da cin tuwonsa da miyar kuka shi ma yakan ji daɗin jikinsa.

GWAJIN DA AKA YI A ASIBITI

Masu wannan hanya sukan kafa hujja da wani matafiyi mai suna Vilhjalmur Stefansson, wanda ya zauna shekaru tare da mutanen Inuwit a can ƙarshen arewacin Kanada, inda ƙanƙara ba ta barin a yi noma. A shekarar 1928 shi da abokinsa Karsten Anderson suka amince likitocin asibitin Bellevue da ke birnin New York su sa musu ido, suka yi shekara guda cur ba su ci komai ba sai nama. Sun gama lafiya, wannan gaskiya ne.

Amma akwai ragowar labarin da ba a cika faɗa ba. Da farko an ba Stefansson tsoka tsura marar kitse, kafin kwana uku sai ga gudawa da tashin zuciya, bai samu kansa ba sai da aka ƙara masa kitse. A sauran shekarar, fiye da kashi uku cikin huɗu na ƙarfin da suke samu daga kitse yake fitowa, kuma suna cin hanta da ƙwaƙwalwa da ɓargo. Mafarautan arewacin Kanada sun san wannan tun da daɗewa: wanda ya dogara ga naman zomo kaɗai yakan rame ya galabaita ko da cikinsa a cike yake, saboda hanta ba ta iya sarrafa tsoka fiye da wani ƙima a rana.

Wannan ya shafi mutumin Dukku kai tsaye. Naman da ya fi samu shi ne na akuya, da kazar gida, da zabo, da naman daji irin su zomo da gada, da kuma na saniyar da ta sha rani. Dukkansu ba su da kitsen kirki. Wanda ya ce zai rayu a kansu kaɗai ya fi kusa da halin da Stefansson ya shiga a kwanakin farko. Mutanen Inuwit kuwa suna samun bitamin C daga ɗanyar hanta da fatar babbar dabbar tekun nan da ake kira wel. Naman da aka soya ƙarau ko aka shanya ya zama kilishi ya rasa kusan duk ɗan bitamin ɗin da ke cikinsa. Rashin wannan bitamin na wata biyu zuwa uku yana kawo zubar jini daga dasashi, da kasala, da ƙuncin rai, watau ainihin abin da aka ce ana gudu.

Wasu kuma sukan ce ai Fulani makiyaya haka suke rayuwa. Wanda ya taɓa zuwa ruga ya san ba haka ba ne. Bafulatani ba ya yawan yanka saniyarsa. Abincinsa nono ne, wanda yake da nasa irin sukarin, da fura da tuwo na geron da yake saye ko yake nomawa.

Bincike mafi girma da masu hanyar suke ambata shi ne wanda wasu masana na jami'ar Harvard suka buga a shekarar 2021, inda mutum 2,029 masu cin nama zalla suka amsa tambayoyi. Yawancinsu sun ce suna jin daɗin jikinsu. Amma bakinsu kawai aka ji, ba a auna su ba, kuma waɗanda hanyar ta wahalar har suka bari ba su cikin lissafin. Ko a cikin waɗanda suka kawo sakamakon gwajin jininsu, an ga nau'in kitsen da ke toshe hanyoyin jini ya hau sosai. Tun a shekarar 2015 kuma sashen binciken ciwon daji na Hukumar Lafiya ta Duniya ya bayyana cewa naman da aka sarrafa domin ajiya yana jawo ciwon dajin hanji, jan nama kuma akwai zaton yana jawo shi.

MANOMI DA IYALINSA

Yawancin masu yabon wannan hanya ma'aikatan ofis ne a ƙasashe masu sanyi. Manomin da zai fita huɗa da sassafe, ya duƙa da garma har rana ta take, aikinsa yana cin ajiyar sukarin da ke cikin tsoka. Idan babu ita, hannu yakan mutu da wuri. Ga zafin watan Maris da Afrilu, lokacin da gumi yake ƙara kwashe ruwa da gishirin da fitsari ya riga ya rage. Ga kuma taurin bayan gida, saboda babu dusar hatsi da zaren ganye masu tura abinci a hanji. Wasu kuma gudawa suke yi, kamar yadda akan gani a gidaje da yawa kwana biyu bayan Babbar Salla.

Sai batun aljihu. Baligi mai aiki yana bukatar kusan kilo guda na nama mai kitse kowace rana idan shi kaɗai zai ci. Magidancin da ya sayar da buhun dawa domin ya biya wa kansa wannan, ya rage abin da zai shiga tukunyar matarsa da 'ya'yansa ke nan kafin kaka ta zo.

WAƊANDA ABIN YA FI YI WA HAƊARI

Mai ciwon sukari da ke yin allurar insulin ko shan ƙwayoyin rage sukari, idan ya yanke sitaci farat ɗaya, sukarin jininsa yana iya faɗuwa har ya suma. Kada kuma ya jingine maganinsa don ya ji wani ya ce nama ya warkar da shi. Mai shan maganin hawan jini yana iya yin jiri ya faɗi. Mai ciwon ƙoda, da mai ciwon hanta, da mai ciwon gaɓoɓin nan da ke kumbura babban ɗan yatsan ƙafa, nama mai yawa yana ƙara musu ciwo. Mace mai ciki, da mai goyo, da yara masu tasowa, kada a gwada wannan hanya a kansu ko kusa. Wanda baƙin ciki ko rashin barci ya daɗe yana damunsa, asibiti ya kamata ya nufa, domin ƙarancin jini da zazzaɓin cizon sauro da ya ƙi warkewa sukan kawo irin wannan kasala.

Mai son rage ƙiba ko sukarin jini yana da hanya a cikin gidansa. Ya fara da barin lemon kwalba da sukarin shayi. Ya rage malmalar tuwo, ya ƙara miya: kuka, zogale, rama, yakuwa, kuɓewa, da daddawa. Ya riƙa haɗawa da wake, da gyaɗa, da ƙwai, da kifi ko nama gwargwadon hali, ya sha tsamiya ko garin 'ya'yan kuka, ya ci gwaiba da mangwaro a lokacinsu. Kafin ya canza abincinsa, ya je ɗakin shan magani mafi kusa a auna masa jini da sukari da nauyi, a rubuta masa a kati, sa'an nan ya koma bayan wata uku a sake aunawa.