Zomo da Sabararsa

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Isa zuwa Sabon Birni da daddare, a shekarun da hanyar ke biyuwa da daddare, ya san shi. Fitilar mota na haskawa sai ga wani ɗan abu ruwan ƙasa ya tsaya cak, kunnuwa a miƙe, ido na ƙyalli, kafin ka ce kwabo ya faɗa duhu. Zomo ke nan. Nauyinsa bai cika wuce kilo 2 ba, ba ƙaho, ba farce, ba dafi, ga kare, ga dila, ga shaho, ga ɗan Adam duk suna nemansa, amma har yau yana nan.

Abin da ya tsare shi sanin wuri ne. Zomon daji ba ya haƙa rami. Gindin sabara yake samu, ko geza, ko tushen gamba, ya ɗan share ƙasa daidai jikinsa, ya lafe, ya kwantar da kunnuwa a baya. Launinsa ya saje da jigawa, har ka kusa taka shi ba ka gan shi ba. Idanunsa a gefen kai suke, yana ganin gaba da gefe har kusan bayansa ba tare da ya juya ba, Bahaushe kuma na kiran barcin mai tsoro barcin zomo. Dogayen kunnuwan nan ma ba don ji kaɗai aka yi su ba: cike suke da jijiyoyin jini, ta nan yake fitar da zafin jiki a ranar bazara. In aka tashe shi kuwa, sai gudu. Ƙafafun baya sun fi na gaba tsawo da ƙarfi, yana tafiya yana kwana, kare ya zarce ya sha ƙura. Tsofaffin mafarauta sun san ba ya nisa. Kewayawa yake yi ya dawo yankin da ya saba, inda ya san kowace 'yar hanya da kowane surƙuƙi. Kowa ya ci zomo ya ci gudu, gaskiya ne, amma gudun nan a filin da zomo ya haddace ake yin sa.

Mutanenmu sun girmama shi fiye da girman jikinsa. Suka ce zomo ba bawan giwa ba ne, dawa suka tara. Ƙarami ne, amma ba ya cin arzikin kowa. A tatsuniya shi ne mai dabarar da ke kai babba ƙasa, kamar labarin da ya zo cikin Kalila wa Dimna, inda ya ja zaki bakin rijiya, zakin ya ga inuwarsa cikin ruwa ya auka mata. Namansa halal ne: Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Anas ɗan Malik cewa sun kama zomo a Marruz Zahran, Abu Ɗalha ya yanka ya aika wa Annabi (SAW) da cinyoyinsa, ya kuwa karɓa. Karin maganar da ta fi taɓa ni ita ce wadda ke cewa zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Wanda ya kashe ya sha wuya, ya yi gudu. Mai rataya banza ta faɗo masa, kuma shi ne mai yawo da gawa ana kallo.

Sha'anin haihuwa ne inda aka fi yi masa mummunar fahimta. Mutane na kallon zomon gida, wanda asalinsa daga Turai ne, su ɗauka na daji ma haka yake zuba 'ya'ya. Zomanyar gida cikin wata guda take yi, ta haifi shida ko takwas a rami, tsirara, ido a rufe. Ta daji cikinta kusan mako 6 ne, ta haifi ɗaya ko biyu, wani lokaci uku, a fili, da gashinsu, ido a buɗe. Ba ta kwanciya da su. Kowanne sai ya lafe a nasa wurin, ita kuma ta yi nisa don kada warin jikinta ya ja musu dila. Sau ɗaya take zuwa a yini, bayan faɗuwar rana, ta shayar da su 'yan mintoci ta tafi. Nononta na da maiƙo ƙwarai, shi ke riƙe su har gobe. Cikin wata guda ta yaye su. Yaron da ke kiwo ya tsinci ɗan zomo shi kaɗai a gindin kalgo, sai ya ce maraya ne, ya sa a aljihu ya kai gida, kwana kaɗan ya mutu. Uwarsa na nan, magariba take jira. A ƙasarmu zomanya na iya haihuwa kusan kowane lokaci na shekara, amma ta fi yi sa'ad da ɗanyar ciyawa ta samu, daga faɗuwar ruwa zuwa kaka.

Kakanninmu sun gane wannan ba tare da littafi ba. Farautar gayya ta rani ce. Sai an kai amfani rumbu, sannan sarkin dawa ya sa rana, a kaɗa ganga, a fita da kere da gora da karnuka. A ƙasashen Gobir da Katsinar Maraɗi da Adar akwai bikin buɗin daji, wanda har yanzu ake yi a Massalata kusa da Birnin Ƙonni. Ko me mutum zai ce game da tsafin da ke cikinsa, abu ɗaya a fili yake: dajin da ake buɗewa, an taɓa rufe shi. Da damina kowa na gona, zomanya na renonta. An ce karen bana shi ke maganin zomon bana, to karen bana ya zama babur da fitila mai kashe ido da bindiga, ga wutar daji da ke cinye makwanci da abin da ke ciki. Zomon bana ba shi da amsar waɗannan.

Turawa sun riga mu ganin ƙarancinsa, suka nemi gajeriyar hanya. A Italiya dokar farauta ta 1992 ta tanadi wuraren da ba a harbi, inda ake barin zomaye su hayayyafa. Da sanyin Disamba da Janairu sai a shimfiɗa dogayen raga, 'yan kora su jeru, a kama, a sa cikin akwatunan katako, a kai filayen farauta a saki. Ana gaggawa ne don zomon Turai na fara barbara tun Janairu, haihuwa ta ci gaba har wajen Satumba. Da na ƙasashensu bai isa ba, Italiya da Faransa suka riƙa sayowa daga Hangari da Folan, Italiya kuma har daga Ajantina, ƙasar da ita kanta sai a 1888 aka kai mata zomon Turai. Masu binciken da suka ɗaura wa waɗanda aka saki na'urar bin sawu sun sha ganin abu guda: da yawa na mutuwa cikin makonnin farko, balle waɗanda aka rena a keji. Baƙo ne, bai san mafaka ba, bai san ta ina zai kauce ba. Wasu sun shigo da cuta. A kudancin Italiya kuma baƙin sun taimaka wajen matse zomon asali na ƙasar.

Darasin da ya fi dacewa da mu yana nan tsallaken iyaka, bayan Tibirin Gobir. Tun daga 1983 manoman jihar Maraɗi suka fara abin da suke kira sassabin zamani: in an zo sharar gona, ba a tumɓuke kututturen sabara da kalgo da gawo, sai a zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi a bari su tashi. An ƙiyasta ƙasar da ta farfaɗo haka a Maraɗi da Damagaram ta kai hekta miliyan 5. Manoman wasu ƙauyukan sun ba da labarin dawowar zabin daji da zomaye. Ba wanda ya kawo su a akwati. Inuwa suka gani suka zo.

Dajin Gundumi, wanda Baturen matafiyi Barth ya ratsa a 1853 dare da rana ba zango saboda tsoron hari, ya sake zama wurin tsoro saboda 'yan bindiga, kuma mutanen Gatawa da Kurawa da Unguwar Lalle da Turba suna da abin da ya fi zomo damunsu. Allah Ya kawo mana ƙarshen wannan masifa. Amma ranar da lafiya ta samu, gangar farauta za ta tashi, kuma kafin ta tashi ya kamata a yi magana. Sarakunan dawa na Sabon Birni da Isa, ku rufe daji daga ruwan farko har a gama girbi, ku hana farautar fitila da sa wa daji wuta. Manoma ku bar sabara a kan iyakar gona. Iyaye kuma ku gaya wa yara masu kiwo, in sun ga ɗan zomo a kwance, su bar shi inda suka gan shi.