Ko Ƙasar Gona Tana Rage Iskar Kabon?

Ranar da malaminmu na aikin gona ya ce ƙasar noma tana iya ɓoye iskar kabon, watau iskar nan da ke fita in an ƙone fetur ko gawayi, wadda ke ɗumama duniya, sai na ce shi ke nan, an sami magani. Ashe da sauran magana.

Ga yadda abin yake. Ganyen dawa da na gero suna zuƙar wannan iska, su gina jikinsu da ita. In saiwa da kara suka ruɓe, wani kaso na kabon ɗin yakan zauna cikin ƙasa. Shi ne ke sa ƙasar bayan gida ta yi baƙi, ta riƙe laima. Kabon da ke kwance a ƙasa ya ma fi na sama yawa. Don haka ne a taron Paris na 2015 Faransa ta kawo shawara a riƙa ƙara wa ƙasa kabon, huɗu bisa dubu, kowace shekara.

To, amma ƙasa ba rijiya gaba dubu ba ce. A Rothamsted, can Ingila, akwai gonar gwaji da ake zuba wa takin shanu tun 1843. Kabon ya hau da sauri da fari, daga baya ya yi ta rage gudu, kamar tulun da ya kusa cika. A wata gonar ta wurin an fara zuba taki a 1852, aka daina a 1871, sai kabon ya shiga raguwa. Dalili kuwa, ƙananan ƙwayoyin da ke cikin ƙasa suna cin ruɓaɓɓen, su numfasar da shi ya koma sama. Mu nan ga zafi ga gara, abin ya fi sauri.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na gonarmu. Da rani Baba yakan shirya da Fulani shanunsu su kwana a ciki. Gona ta sami taki, gaskiya ne, amma ciyawar da ta zama takin daga daji aka ci ta. An dai ɗauke daga aljihun dama an sa a na hagu. In kuwa aka ce a bar kara ya ruɓe a gona, da me za a yi danga, me awaki za su ci, da me Inna za ta hura wuta?

Ni a ganina ana samun ragi na gaske in an ƙara tsiron da da can babu shi, kamar yadda manoman Maraɗi da Damagaram suka shiga barin gawo da sauran itatuwa su sake tofowa cikin gonaki tun wajen 1980. Shi ma sai in ba a sare an ƙone ba. Injin ban-ruwan Baba kuwa, fetur yake sha kullum.