Yadda Ake Cire Dashbod na Tsohuwar Mota Ƙirar MGB

Dashbod shi ne allon nan da ke gaban direba, wanda agogunan mota da maɓallan fitilu suke jere a kansa. Wannan maƙala za ta yi bayanin yadda ake cire shi daga motar nan ta Ingila mai suna MGB, watau ƙaramar mota mai kujera biyu wadda aka yi domin gudu da shan iska. An ƙera ta a garin Abingdon daga 1962 zuwa 1980, an kuwa yi fiye da dubu 500. Masu irin wannan mota sukan buƙaci cire dashbod idan tsatsa ta ci bayansa, ko wayoyi sun tsufa, ko kuma rana ta tsattsaga fatarsa.

Abin da ke riƙe da allon kansa bai taka kara ya karya ba. Waɗansu notina ne ƙalilan da ke jere a ƙarƙashin gilashin gaba, da 'yan ƙarafa masu tallafe shi daga ƙasa. Wahalar aikin tana ga abubuwan da ke rataye a bayansa, inda ido ba ya gani, hannu kuma ba ya shiga sai da ƙyar.

Kafin a taɓa komai sai an cire batir. A wannan mota ba a gaba yake ba, yana ƙarƙashin wani murfi a bayan kujeru, kuma motocin da aka yi kafin 1974 batir biyu gare su, kowanne mai bolt 6. Akan fara kwance kan da ke haɗe da jikin mota. A nan ne waɗansu makanikai kan yi kuskure, domin a motocin da suka fito kafin ƙarshen 1967 kan tarawa ne ke haɗe da jiki, saɓanin motocin zamanin nan da ke amfani da kan ɗebewa. Dalilin wannan taka-tsantsan yana cikin tsarin wayoyin kamfanin Lucas, inda kowane launi yake da aikinsa. Baƙar waya ta komawa jikin mota ce. Fara tana samun wuta idan an murɗa makulli, kore ma haka, sai dai ita ta bi ta fis. Amma waya mai ruwan ƙasa kullum da wuta take, ko an kashe mota, kuma babu fis tsakaninta da batir. Idan sifana ta haɗa ta da ƙarfen dashbod, babu abin da zai tsinke ya tsai da wutar. Robar wayar za ta narke, ta kama na kusa da ita, a wuri mai cike da ƙura da busasshen soso.

Bayan batir sai sitiyari. Waɗansu sukan fitar da shi, waɗansu kuma su kwance sandarsa ta ɗan sauko. Sa'an nan a shiga cire agoguna ɗaya bayan ɗaya. Kowanne yana da ƙarfen da ke danne shi ta baya, da ɗan noti wanda yatsa ke murɗawa. Agogon gudu yana da igiyar ƙarfe mai juyawa wadda ta taso daga giya, ita ma da hannu ake kwance ta. Kowace waya da aka zare, a manna mata takarda a rubuta inda ta fito, a kuma ɗauki hoto, gama launin waya mai shekara 50 ya kan kode har a kasa bambanta kore da baƙi.

Wanda ya fi kowanne neman lallashi shi ne agogon nan mai fuska biyu na motocin farko, mai nuna ƙarfin man inji da zafin ruwa. Ba da lantarki yake aiki ba. Ɓangaren mai yana da siririn bututu da ke kawo man inji har bayan agogon, saboda haka a tanadi tsumma, kuma kada a ta da inji bututun yana buɗe. Ɓangaren ruwa kuwa yana da wani bututun da aka rufe da sinadarin ita a ciki, tun daga agogon har zuwa wani ɗan ƙululu da ke ɗaure a kan inji. Zafi ke sa sinadarin ya matsa allura. Wannan bututu ba ya rabuwa da agogon. Dole a kwance ƙululun daga inji, bayan an rage ruwan lagireto, a zaro bututun gaba ɗaya ta ramin bangon da ke tsakanin inji da direba. Idan ya lanƙwashe ya tsage, sinadarin ya gudu, agogon ya mutu ke nan, sai a kai wa masu gyaran irinsa ko a sayi wani. Gaggawa a nan ita ce asara.

Saura igiyar cok da igiyoyin hita, sa'an nan notinan sama. Sifana mai awon inci ake sa musu, domin ta milimita tana cinye kafaɗun noti. Motocin da aka kai Amurka daga 1968 suna da dashbod mai kaurin soso, wanda dokar kare lafiyar fasinja ta ƙasar ta jawo, kuma an fi shan wuya wajen kai hannu ga notinansa. Sau da yawa sai makanike ya kwanta rigingine, ya biyo ta ramukan agogunan da ya cire.

Idan noti na ƙarshe ya fita, akan jawo allon a hankali kamar taƙi ɗaya, a tsaya, a leƙa da tocila. Kusan kullum akwai wata baƙar waya ko ta fitilar agogo da aka manta, tana nan a maƙale.